Zoborodo Mai Jiki da Abincin da Ke Tafiya da Shi: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan jan abin sha: zoborodo, wanda Fulanin Garwa da Marwa a arewacin Kamaru ke kira folere, mutanen Injamena a Chadi kuma karkanji, sai ruwan inabi na kwalba. Masu girkinmu da masu ilimin sarrafa abinci ne suka haɗu suka amsa. Ma'aunin da muka yi amfani da shi shi ne lita da giram, gorar ruwan sha babba kuwa lita ɗaya da rabi take ci.

Tambaya: Ina sayar da zobo a gora. Na maƙwabciyata ja ne wur har ya yi duhu, yana cika baki, nawa kuwa tsululu, ko na ƙara sukari da filebo sai dai ya yi zaƙi kawai. Ina dafa shi ya fi awa ɗaya. Ina matsalar take? Daga wata mai sana'a, unguwar Yelwa, Garwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Sukari ba ya ba zobo jiki, filebo kuma ƙamshi ne kawai. Jikin zobo daga wuri uku yake fitowa: irin zoborodon da kika saya, yawan da kika zuba, da yadda kika fitar da ruwansa. Awa ɗayan nan da kike yi a kan wuta ma tana cikin abin da ke cutar ki.

Mu fara daga kasuwa. Abin da muke jiƙawa ba furen yakuwa ba ne, kofin nan ne mai tsoka da ke rungume da ƙwanson gurguzu bayan fure ya faɗi. Iri uku za ki tarar a buhu. Akwai mai duhu, kamar baƙi idan ya bushe, mai kaurin ɓawo: shi ne mai launi da nauyi, tsaminsa da sauƙi. Akwai ja mai haske, siriri, launinsa kaɗan amma tsaminsa kamar ya yanke harshe. Sai fari, wanda wurinsa tukunyar miya. A Senegal har suna suka ba biyun farko, Vimto ga mai duhu, Koor ga mai tsami, kuma masu sana'a a can gauraya su suke yi. Mu ma shawararmu ke nan: kashi uku na mai duhu, kashi ɗaya na mai haske. Mai duhun zalla yakan yi kyau a ido amma ya kwanta a baki, mai hasken ne ke tashe shi.

Kafin ki biya kuɗi, damƙi kaɗan a hannu. Wanda ya bushe da kyau zai yi ƙaras ya karye, wanda ya lanƙwashe kamar fata ya sha raɓa, kuma fumfuna na hanya. In launin ya koma ruwan ƙasa, na bara ne ko ya daɗe a rana, ba zai ba ki ja ba ko kin zuba buhu guda. Duba gindin kwano ma: gurguzu da ƙwanso da yashi duk nauyi ne da kike biya a banza. Sabon zoborodo yana shigowa ne daga Nuwamba zuwa Disamba, domin yakuwa ba ta fure sai rana ta fara gajarta a ƙarshen damina. Lokacin ne mai jari ke saye ta adana a buhu mai leda a ciki, a ɗaki mai duhu, bisa katako.

Yanzu ma'auni. Don samun lita 10 na zobo mai jiki, ki auna giram 650 zuwa 700 na busasshen zoborodo da ruwa lita 12, saboda zoborodon zai shanye kusan lita biyu ya riƙe. Yawancin masu kukan tsululu giram 300 suke zubawa su yi fatan dafuwa ta cike giɓin. Ba ta cikewa.

Ɗauraye shi sau biyu da ruwan sanyi, da hanzari, kada kowace ɗauraya ta kai minti ɗaya. Ki tsame shi da hannu daga ruwan maimakon ki tsiyaye, don yashi ya zauna a ƙasa. In kika bar shi ya jiƙa a nan, launin da kika saya ne kike zubarwa a kwata.

Ki tafasa lita biyu daga cikin ruwan tare da ɗanyar citta giram 150 da aka daddaka da kanumfari ƙwaya 25, na minti 20. Su kam suna son wuta. Sauran lita 10 ki tafasa daban, ki sauke daga murhu, sannan ki zuba zoborodon, ki danna shi ya nutse, ki rufe minti 40. Dalili kuwa shi ne sinadarin da ke ba shi ja, antosiyanin, ba ya jure doguwar tafasa. Yana fita cikin ruwan zafi da wuri, amma in aka ci gaba da bubbuga masa wuta sai ya fara lalacewa, jan ya dusashe ya koma kalar bulo, ƙamshin ya bi tururi, ɗanɗanon dafaffen ganye ya maye gurbinsa. Ki tace da rariya, ki sake tacewa da farin ƙyalle, ki matse tuƙar da sauƙi. Ki haɗa da ruwan cittar, ki zuba sukari kilo ɗaya tun da ɗuminsa, ki ɗanɗana, in da buƙata ki ƙara giram 200. Tuƙar da ta rage za ta iya ba da ruwa na biyu da lita uku na ruwan zafi, amma wannan na yara ne ko na ƙanƙarar leda, kada ki juye shi cikin na farko.

Tukunya ma tana da magana. Zobo abu ne mai tsami sosai, tsamin nan yana cin baƙin ƙarfe da dalma. Baƙin ƙarfe zai baƙanta shi ya sa masa ɗanɗanon tsatsa. Ki jiƙa shi a tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda ’yan kasuwa ke ce wa inos, ko kwano mai fenti da bai kwarzane ba.

Tambaya: Kakata tana jefa kanwa don kashe tsami. Ni da na yi sai ya zama baƙi-baƙi. Me ya jawo? Daga wata ɗaliba, Gidar.

Amsa: ’Yar'uwa, zuba zobo a kofin gilas ki ɗiga ruwan kanwa ki zura ido. Inda ɗigon ya faɗa za ki ga jan ya juya shuɗi-shuɗi, in kika ƙara ya koma toka mai ratsin kore. Launin zobo yana tsayawa ja ne muddin akwai tsami, kanwa kuwa kishiyar tsami ce. In kanwar ba ta yi yawa ba, matsa lemon tsami zai dawo da jan, amma ɗanɗanon sabulu ba ya fita. Akwai asara ta biyu: tsamin nan ne ke hana ƙwayoyin cuta da yawa sakewa a ciki, in kin kashe shi zobon zai lalace da wuri. Mai son rage tsami ta ƙara yawan zoborodo mai duhu, ta rage mai haske. Wannan gwaji yana da wani amfani: zobon da aka ɗiga wa kanwa ya ƙi canza launi, kalar kanti ce ta yi masa yawa.

Tambaya: Ni kuku ne a wani otel. Shugaban kicin ɗinmu ya rubuta a takardar abinci cewa gasasshen rago da naman sa suna tafiya da jan ruwan inabi na giya wanda suke ce wa corsé. Ni Musulmi ne, ban taɓa sha ba, kuma yawancin baƙinmu ba sa sha, sai mu ba su lemon kwalba, wanda ni dai a ganina ba ya shiga da nama. Mene ne wannan corsé ɗin, me yake yi wa nama, kuma da me zan maye gurbinsa? Daga wani kuku, Farsha, Injamena.

Amsa: Malam, tambayarka ta mai sanin aiki ce, za mu ɗan zauna a kanta. Ba sai ka sha ba kafin ka fahimci abin da suke nufi.

Corsé da Faransanci na nufin mai jiki, wato wanda ke da nauyi a baki, kamar bambancin kunun da ya yi kauri da farau-farau. Abu uku ne ke haɗuwa su ba da wannan nauyi: barasa mai yawa, galibi kashi 13.5 zuwa 15 cikin ɗari, da tsami daidai gwargwado, da bauri. Baurin nan ka san shi, shi ne abin da kake ji in ka tauna goro ko ka sha shayin da ya daɗe a buta, baki ya bushe ya yi kaushi. Sinadarin da ke jawo shi ana kiransa tanin, kuma a ɓawon inabi da ƙwayoyinsa yake. Ruwan cikin yawancin baƙin inabi ba ja ba ne, kusan fari ne. Launi da bauri suna shiga ne saboda ana barin ruwan tare da ɓawon na mako ɗaya zuwa uku yayin da yake tsima. Saboda haka irin inabin ne ke yanke hukunci. Cabernet Sauvignon, wanda yankin Bordo na Faransa ya shahara da shi, ƙananan ’ya’ya gare shi masu kaurin ɓawo, ɓawo da yawa ruwa kaɗan, shi ya sa baurinsa ke da ƙarfi. Binciken ƙwayar halitta da aka buga a 1997 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Debis ya nuna cewa barbara ce tsakanin Cabernet Franc da wani farin inabi, Sauvignon Blanc. Syrah na kwarin kogin Ron ne a Faransa, a Ostireliya kuma Shiraz ake ce masa, yana da ƙamshi kamar na masoro. Malbec daga Kahor yake a kudu maso yammacin Faransa, aka kai shi Ajantina a tsakiyar ƙarni na 19, yau yankin Mendoza ne gidansa, kuma can ƙasar masu gashin naman sa ce. Tannat na Madiran, shi ma a kudu maso yammacin Faransa, yana cikin waɗanda suka fi kowane bauri. Sau da yawa ana ƙara ajiye su shekara ɗaya ko fiye a gangar itacen oak, wadda a Bordo take cin lita 225, itacen ma ya ƙara nasa baurin.

Abin da yake yi wa nama kuwa ba sihiri ba ne. Tanin yana kama furotin. In ka sha shi baki wofi, furotin ɗin yawunka yake kamawa, santsin baki ya tafi, ka ji kaushi. In ka ci nama mai kitse, maiƙo ya lulluɓe harshe, kurɓi ɗaya sai bauri da tsami su share maiƙon, naman kuma ya tausasa baurin. Loma ta gaba sai ta zo kamar ta farko, nama bai ginshe ka ba. Mahautanmu sun san wannan tun da daɗewa: shi ya sa ba a rasa butar shayi mai ɗaci kusa da mai gashin naman raƙumi, kuma shi ya sa ake bin babban ci da goro. Lemon kwalba yana da zaƙi da iska amma ba bauri, shi ya sa ka ji bai shiga ba.

Zoborodo yana da launi da tsami fiye da buƙata, baurinsa ne kaɗan, kuma ba shi da nauyin da barasa ke bayarwa. Waɗannan biyun za ka gina masa. Ga lita ɗaya ta abin da za a kai tebur: zoborodo mai duhu zalla giram 80 a ruwan zafi lita ɗaya da kwata, minti 40 kamar yadda muka gaya wa Hajiya. A minti biyar na ƙarshe ka jefa ganyen baƙin shayi giram 3, kimanin cokalin shayi ɗaya da rabi, shi ne zai kawo baurin. Kada ya wuce minti biyar, in ya wuce ɗaci ne zai fito. Don nauyi, ka jiƙa busasshen dabino irin na garin Faya da ke arewacin Chadi guda shida a kofin ruwan zafi, ka cire ƙwallo, ka dama, ka tace da ƙyalle ka zuba. Masoro ƙwaya biyar da aka fasa, kanumfari biyu, gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka. Sukari giram 40 kawai, wato ƙasa da rabin na zobon gora. Ban da filebo, ban da abarba. Ka bar shi ya kwana a firji ya kwanta, ka tsiyaye na sama. In za a kai wa baƙo, a fitar da shi minti 15 kafin lokaci, domin sanyi mai yawa yana ɓoye ƙamshi ya kuma tsananta bauri. Kada a jefa ƙanƙara a ciki.

Wannan shi ne abokin gasasshen rago, haƙarƙarin sa, tozon raƙumi, balangu, da ragadada. Amma kada ka ɗauka kowane nama ne. In yaji ya yi yawa, kamar soya, wato tsire, da aka birkita da yajin ƙuli mai barkono, bauri ƙara wa wutar mai yake yi. A nan sai ka cire shayin, ka kai sukari giram 90, ka ba da shi da sanyi sosai, zaƙi da sanyi ne ke lallashin harshe. Kilishi, irin na Marwa ko Ngaundere, nama ne marar kitse mai gishiri da ɗan zaƙin gyaɗa, yana son zobo matsakaici mai citta.

Kifi kuwa wata magana ce. Giwan ruwa ko karfasa daga kogin Shari ko na Lagon, gasasshe da albasa, namansa mai laushi ne, zobo mai nauyi zai danne shi, kuma bauri yakan fito da ƙarnin kifi. Ka yi masa na zoborodo mai haske, giram 35 a lita, da na'a-na'a da ɗan lemon tsami. Banda da salanga, wato busasshen kifi, a miya sun fi ƙarfi, suna ɗaukar matsakaici. Tuwo ko kisar, siririyar wainar nan ta Chadi, da miyar kuɓewa ko kuka, a ganinmu ruwa ya fi musu, zobon ya biyo baya. Miyar yakuwa da zobo kuwa tsami ne bisa tsami, abu ɗaya ne aka kawo sau biyu. Abin da za ka nisanta shi da shi gaba ɗaya shi ne nono da madara: tsamin zobo yana tsinka madara nan take, saboda haka kada ya haɗu da fura ko kunun gyaɗa mai madara a faranti ɗaya.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma ya shafe ka. Wasu miyar naman Turawa da jan ruwan inabin ake dafa su, kuma za ka ji ana cewa barasar tana ƙonewa. Ba duka take tafiya ba. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa bayan minti 15 na dafuwa kusan kashi 40 cikin ɗari na barasar da aka zuba yana nan, bayan awa ɗaya kashi 25, bayan awa biyu da rabi kashi 5. Haƙƙin baƙo ne a gaya masa. In kana son miya mai irin wannan launi da tsami, ka zuba rabin kofi na zobo marar sukari da kofi ɗaya da rabi na romon ƙashi a madadin kofi biyu na ruwan inabin, ka soya albasa ta yi ja sosai don ta rage kaifin tsamin.

Tambaya: In na yi zobo da safe, kafin washegari gorunan sun kumbura, in an buɗe sai ya yi kumfa da wani tsami mai ɗan wari. Wani ya ce mini ya zama giya, in daina sayarwa. Gaskiya ne? Yaya zan hana? Daga wata uwargida, Domayo, Marwa.

Amsa: Uwargida, wanda ya gaya miki bai yi nisa da gaskiya ba. Akwai yis na daji, irin wanda ke tayar da ƙullin waina, a iska, a hannu, a ɓawon ’ya’yan itace da cikin gorar da ba ta wanku ba. Tsamin zobo yana korar ƙwayoyin cuta da yawa amma yis bai dame shi ba. Ya samu sukari da ɗumi sai ya fara ci, yana fitar da iska da barasa. Iskar ce ke kumbura gora. A lissafi, kimanin giram 17 na sukari a lita ne ke zama kashi ɗaya cikin ɗari na barasa, to zobo mai giram 100 in aka bar shi ya tsima har ƙarshe zai kai kusan kashi shida, ƙarfin giyar kwalba ke nan. A kwana ɗaya bai kai nan ba, amma ya kama hanya, kuma a zafin Maris da Afrilu, da Marwa ke haura digiri 40, hanyar gajera ce. Hukunci na malamai ne. Abin da aka sani shi ne ruwayar Ibn Abbas a Sahihu Muslim, cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha a ranar da washegari da jibi zuwa yamma, abin da ya rage kuma a ba wani ko a zubar. Mu a ɓangaren sana'a, gorar da ta yi tauri ta yi tsit da kumfa in an buɗe, ba ta sayarwa ba ce.

Wurare huɗu yis ke shigo miki. Na farko ɗanyar abarba, musamman ɓawonta, wadda ta sha hanya daga kudu: in za ki sa, ki dafa ta tare da citta, kada ki markaɗa ɗanya ki zuba. Na biyu ruwan da ake ƙarawa a ƙarshe don ya yi auki; duk ruwan da zai shiga zobo sai ya tafasa. Wannan ya wuce maganar kumburi, domin yankinmu ya san kwalara, kuma ruwan tsarmi da ƙanƙarar da ba a san asalinta ba ƙofa ce. Na uku ƙyallen tata da ludayi: a tafasa ƙyallen kullum, a shanya a rana. Na huɗu gorunan da ake saye hannu na biyu. Ki wanke su da sabulu da burushi har murfi, ki jiƙa minti 15 a ruwa lita 10 da aka sa wa cokalin miya biyu na jabel, wato ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ki ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, ki kife su bushe.

Bayan kin zuba sukari, ki mayar da zobon kan wuta har sai ƙananan kumfa sun fara tasowa a gefen tukunya, wajen digiri 85, ki riƙe shi haka minti biyar ba tare da ya tafasa ba. In kwalbar gilas ce, ki ɗumama ta ki zuba da zafinsa ki rufe. Gorar roba ba ta ɗaukar wannan zafi, za ta lanƙwashe, sai ki rufe tukunyar ki sa ta cikin bahon ruwan sanyi ta huce da sauri, sannan ki ɗura ki kai firji nan take. A firji mai sanyi sosai zai yi kwana huɗu zuwa biyar. Inda ake yawan ɗauke wuta, dabara ita ce ki ajiye ruwan zoborodon mai kauri ba sukari, ki riƙa haɗa na yini ɗaya kawai.

Tambaya: Za mu yi bikin ƙanwata, an kawo mana katan na kwalabe masu kama da na giya, an ce ba giya a ciki. Wasu an rubuta jus de raisin, wasu vin sans alcool. Ɗaya ne? Daga wani ɗan kasuwa, Kusiri.

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya alheri. Ba ɗaya ba ne. Jus de raisin ruwan inabi ne da aka matse aka dafa shi da ɗan zafi don kada ya tsima, bai taɓa zama giya ba. Wannan hanya ta daɗe: a 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya yi ta da inabin Concord don cocinsa ya samu abin sha marar barasa. In ka ga pétillant a jiki, iska ce aka ɗura masa kamar lemon kwalba. Shi kuwa vin sans alcool ko vin désalcoolisé giya ce cikakkiya aka fara yi, sannan aka zare barasar da na'ura. A dokar Tarayyar Turai ana iya kiransa haka ko da ya rage har kashi 0.5 cikin ɗari. Wasu kamfanoni suna kai shi 0,0 su rubuta a jiki. Malamai sun yi saɓani a kansa saboda asalinsa, don haka a taron da kowa zai zo, na farkon ya fi kwanciyar hankali. Ka juya kwalbar ka nemi lamba mai % vol a gefenta, ka kuma karanta jerin kayan haɗi: boisson au raisin yawanci ruwa ne da sukari da ɗan inabi.

Ka sani ruwan inabi zalla yana ɗauke da sukari wajen giram 150 a lita, ya fi yawancin lemon kwalba. Da cincin da dubulan zai yi, amma da shinkafa da nama zaƙin yakan yi yawa. In aka gauraya kashi ɗaya nasa da kashi biyu na zobo marar sukari, za a samu abin sha mai duhu da jiki, ba sai an ƙara sukari ba, kuma katan ɗaya zai yi aikin uku. A haɗa a ranar, da sanyinsa.

Tambaya: Ina da hawan jini, ina shan magani. An ce zobo yana sauke shi, wasu kuma sun ce yana ƙara jini. Wanne zan ɗauka? Daga wani dattijo, Sabongari, Ngaundere.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganar biyu ba abu ɗaya suke nufi ba. Ta ƙarin jini daga launi ta samo asali, ja ya yi kama da jini, amma antosiyanin ba ya zama jini. Mai ƙarancin jini hanta da nama da wake da ganye yake buƙata, da gwajin asibiti.

Ta saukar da hawan jini tana da tushe. A wani bincike na Jami'ar Tufts a Amurka da aka buga a 2010, mutanen da jininsu ya fara hawa sun sha kofi uku na shayin zoborodo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7, ta waɗanda aka ba abin sha na bogi kuwa da maki ɗaya da ɗan kai. Amma ku lura, ba masu shan magani ba ne, kuma ba zobon gora mai sukari suka sha ba. Kada ku ajiye maganinku. Ku gaya wa likitanku kuna so ku riƙa sha, domin haɗuwarsa da magani tana iya sauke jinin fiye da kima, ku ji jiri in kun miƙe. In ya amince, ku jiƙa ɗan abin da bai wuce giram biyu ba a kofin ruwan zafi minti shida zuwa goma, ba sukari, ba kanwa, ku fara da kofi ɗaya a yini, kuna awo kuna rubutawa. Kada ku haɗiyi ƙwaya da shi, musamman maganin zazzaɓin cizon sauro, domin an gwada a Sudan an ga yana rage yawan kulorokwin da ke shiga jini. Ku kurkure baki da ruwa bayan kun sha saboda tsamin yana cin haƙori, kuma in akwai mai juna biyu a gidan, ta tambayi ungozomar asibiti kafin ta mayar da shi abin shan kullum.